Zangon Illo da Baƙon da Bai Iso Ba

Ranar da tunanin wannan maƙala ya fara zo mini, ina zaune ne a gaɓar kogin Kwara a ƙasar Bagudo, a kan hanyata ta zuwa Geza, ina jiran jirgin fito ya cika. Ga buhunan shinkafa da na albasa an jibge, ga babura biyu an kwantar a tsakiyar jirgin, mai fito kuwa, wani dattijo da furfura ta gama cin gemunsa, ya durƙusa yana goge injinsa da tsumma kamar mai shafa wuyan doki. Da na duba sai na ga Yamaha a rubuce jikin injin, ɗaya daga baburan kuma Honda ne. Na ce, "Baba, ko ka san inda aka ƙera wannan?" Ya ce, "Japan mana, Malam, ai wannan ko yaro ya sani." Na tambaye shi ko ya taɓa fitar da mutumin Japan a jirginsa. Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce shi dai ƙarfensu ya sani, amma mutanensu bai taɓa ɗora ido a kan ko ɗaya ba, alhali kuwa tun yana yaro yake bisa ruwan nan.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin kayan Japan sun daɗe da zama 'yan gida a wannan yanki. Motocin da ake shigowa da su daga Kwatano yawancinsu ƙirar can ne, farin magin Ajinomoto yana cikin tukunyar kusan kowace mace, riɗin da manoman Arewa ke nomawa kuwa Japan tana cikin manyan masu sayensa. Kaya suna kai da komowa, mutane ba su zuwa. Abin ya fi ba da mamaki idan aka tuna cewa mutanen Japan suna cikin al'ummun da ƙasashen duniya suka fi wahala wajen zawarcinsu don yawon buɗe ido, kuma wannan ƙasa ta Illo da Kaoje da Bagudo, wadda a yau ake kallonta kamar ƙarshen duniya, ta yi zamani mai tsawo tana cin abinci da sana'ar saukar baƙi, har ta ƙware a cikinta ƙwarewar da ba kowace ƙasa ta samu ba.

Asalin al'amarin goro ne. Goron da Hausawa suka fi so, wanda ba a ɗaurin aure ko raɗin suna sai da shi, a wancan zamani a dazuzzukan Ashanti yake fitowa, kasuwarsa kuwa tana Salaga a ƙasar Gwanja, saboda haka duk wanda ke son ribarsa dole ya ɗaura ɗamarar tafiyar watanni. Ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato yakan biyo ta Jega, wadda babbar kasuwa ce a ƙarni na goma sha tara, ya gangaro ya ƙetare Kwara a wajejen Illo da Gaya, ya shiga ƙasar Bargu ta Kandi, ya wuce Jugu, daga nan ya miƙe har Salaga. Akwai wata hanyar ta kudu wadda ke bi ta Yawuri da Busa da Nikki. Fatake, musamman Kambarin Barebari da Agalawa da Tokarawa, sukan ɗauki kanwa da turkuɗi da rigunan Kano da jan fata da gabu, wasu su ƙara da gishirin Foga, su komo da huhunan goro bisa jakuna da kawunan mutane. Girman ayarin ba abin wasa ba ne: Baturen nan Kilafatan ya gamu da wani a Kayama a 1826, yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun kai 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka.

To, mutum dubu da dabba dubu ba su kwana a sarari haka kawai, kuma a nan ne hikimar magabata ta bayyana. Kowane ayari yana da madugu, wanda shi ne uban tafiya, da jagaba mai gaba yana duba hanya, da uban dawaki mai tattara na baya, da malamin da ke lissafi da rubuta wasiƙu da zaɓen ranar tashi. A kowane gari kuma akwai zango a bayan ganuwa, akwai sarkin zango, akwai fatoma, wato maigidan da baƙo ke sauka wurinsa. Mai karatu ya kwatanta wa kansa isowar ayari da yamma: jakuna sun yi furu-furu da ƙura, an sauke mangaloli, matan gari sun fito da ƙoren fura da tuwon sayarwa, yara suna kawo ciyawa da itace, fatoma kuwa ya shimfiɗa wa madugu buzu, ya kawo masa ruwa, bai tambaye shi komai ba sai da ya sha ya huta. Can gefe fatake sun kwance huhu, suna juya goro ɗaya bayan ɗaya a hasken da ya rage, suna fid da wanda sankara ta taɓa don kada ya ɓata sauran, suna yayyafa ruwa, suna sake naɗewa da ɗanyen ganye, domin goro ɗan lele ne, in aka yi sakaci da shi kwana kaɗan sai dukiyar shekara ta zama shara. Kafin gari ya waye fatoma ya riga ya je fada ya daidaita garamar da za a biya, ya yi magana da sarkin ruwa a kan kuɗin fito, ya nemo dillalin da zai sayar da abin da za a sayar, ya kuma gaya wa madugu gaskiyar halin da hanyar gaba take ciki.

Aikin fatoma ya wuce ba da ɗaki da tabarma. Shi ne tafinta a ƙasar da ake jin Dandanci da Zabarmanci da Kyanganci da Busanci da Fulatanci, shi ne mai lamuni idan baƙo ya ci bashi, shi ne ma'ajin dukiyar wanda ya rasu a hanya har magada su zo, kuma idan aka zalunci baƙonsa, shi ne zai tsaya gaban sarki. Jarinsa duka amana ce, domin ranar da labari ya bazu cewa an cuci wani a gidansa, ko kuma wani sarki ya tsananta garama fiye da ƙima, sai madugai su karkata akalar ayari zuwa wata hanya, garin ya wayi gari ba mai sayen furarsa. Shari'a ma ta ƙarfafa wannan al'ada, tun da ta sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin masu haƙƙi a zakka, ta kuma sa liyafar kwana uku ta zama haƙƙin baƙo a kan mai masauki. Ba na cewa hanyar ta kuɓuta daga sharri. 'Yan fashin Bargu sun yi suna, kuma a cikin kayan da ayari ke kaiwa kasuwa har da bayin Allah da aka kamo aka sayar, abin da ba shi da wani uzuri. Amma tsarin karɓar baƙo kansa, wannan abin koyi ne.

Turawan farko da suka ratsa wannan yanki a cikin wannan tsari suka shigo, wanda ya bi shi ya tsira, wanda ya ƙi ya sha wuya. Mungo Park, wanda ya gangaro Kwara cikin jirgi yana ƙin tsayawa ya gai da masu ƙasa, a Busa ya halaka a 1806. Barth kuwa, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iya Larabci da Hausa, ya sauka a Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, a can ya sami kwafin Tarikhus Sudan, wato tarihin Sanwai, ya kwashi abin da ya iya kwasa, sa'an nan ya bi ta Birnin Kabi da kwarin Foga ya isa Sayi lafiya. Bayansu sai masu tuta suka zo. Lugga na Ingila da Faransawa suka yi tseren zuwa Nikki a 1894, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta tsaga Bargu biyu, Illo ta faɗa hannun Ingilishi, Gaya da Kandi da Nikki suka faɗa hannun Faransa, daga baya kuma aka raba Illo da 'yan'uwanta na Bargu aka haɗa ta da Gwandu. Salaga ta riga ta durƙushe tun yaƙin basasarta na 1892, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuwa sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can ya hau dogo. Hanyar da ta ciyar da garuruwa ɗaruruwan shekaru ta zama turbar 'yan sumoga da masu gudun haraji, zanguna suka zama unguwanni, sunan fatoma ya saura a bakin tsofaffi.

Yanzu bari mu juya gabas mai nisa, domin akwai abin lura a can. A 1635 gwamnatin Tokugawa ta haramta wa mutanen Japan fita ƙasarsu, wanda ya fita ya dawo hukuncinsa kisa, aka zauna a haka fiye da shekara 200, har jiragen yaƙin Amurka suka tsaya a bakin tekunsu a 1853, shekarar nan da Barth ke zaune a Gwandu yana kwafar tarihin Sanwai. Sai a 1866 aka halatta musu fita. Amma duk tsawon wannan kulle ba su daina tafiya a cikin gida ba, kuma yadda suke yin ta zai ba Bahaushe mamaki. Babban wurin ziyararsu shi ne ɗakin ibadar Ise. Akidarsu daban take da tamu, tsarin tafiyar kawai nake nufi. Mutanen ƙauye sukan yi wani irin adashi, kowa ya zuba, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa ya tafi a madadin saura. Akwai kuma wasu ma'aikatan wurin ibadar da ake kira oshi, waɗanda kowannensu yake da garuruwan da yake kewayawa shekara-shekara yana kai musu kalanda da 'yan kyaututtuka, in mutanen garin suka zo ziyara kuwa a gidansa za su sauka, shi zai ciyar da su, shi zai zagaya da su. Wannan ai fatoma ne da wani suna. Mai tafiya kuma 'yan'uwa sukan ba shi kuɗin sallama, shi kuwa wajibi ne ya komo wa kowa da tsaraba, al'adar da har gobe ba su bari ba, ita ce ma dalilin da ya sa masu kantuna a ƙasashen duniya suke murna da ganinsu.

Bayan yaƙin duniya na biyu an sake taƙaita fita saboda ƙarancin kuɗin waje, sai a watan Afrilu na 1964, shekarar wasannin Olimfik na Tokyo, aka yarda mutum ya fita don shaƙatawa kawai, sau ɗaya a shekara, da guzurin da bai wuce dala 500 ba. Waɗanda suka fita a shekarar duka kimanin 128,000 ne, tafiyar mako guda zuwa tsibirin Hawai kuwa ta fi albashin shekara na sabon ma'aikaci. A 1965 kamfanin jiragen samansu ya fito da tafiyar ayari mai suna JALPAK, wadda a cikinta kuɗi ɗaya ya ɗauke jirgi da masauki da abinci da jagora mai jin harshensu, wanda ke riƙe da 'yar tuta a gaba suna biye. Manyan jirage suka shigo a 1970, kuɗin kujera ya faɗi, masu fita suka haura miliyan ɗaya a 1972. Da darajar kuɗinsu, yen, ta yi tashin gwauron zabo bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985, sai gwamnatinsu da kanta ta fito da shiri a 1987 na kai masu fita miliyan goma, don ta rage ƙorafin ƙasashen da ke cewa Japan tana sayar musu ba ta saye, aka kuwa cim ma adadin a 1990. A 2019 sun kai miliyan 20.

Ƙasashe da yankunan da suka ci ribar wannan ambaliya, irin su Hawai da Guwam da Koriya ta Kudu da Taiwan da Ostireliya, ba da kirari suka jawo su ba. Sun koyi cewa baƙon Japan hutunsa gajere ne, don haka yana son mota ta tashi a sa'ar da aka ce, yana son tsabtar makewayi da ta abinci, yana son wanda zai yi masa bayani da harshensa, sama da kome kuma yana son ya tabbata zai koma gida lafiya. Ma'aikatar harkokin wajensu tana da matakai huɗu na gargaɗi a kan kowace ƙasa, daga "a yi hattara" har zuwa "a fice", kuma kamfanonin tafiye-tafiye ba su cika kai ayari inda gargaɗin ya yi sama ba. Misra ta ɗanɗana wannan a Nuwamban 1997, sa'ad da 'yan bindiga suka kashe mutum 62 a Luksor, goma daga ciki mutanen Japan, yawancinsu sababbin ma'aurata. Ayarinsu ya yanke, aka daɗe ana lallashi kafin ya dawo. Madugun Tokyo da madugun Kano hukuncinsu ɗaya ne a kan hanyar da aka zub da jini. Ga kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye: sunan da ɗan makarantar Japan ya fi sani game da Afirka ta Yamma shi ne na likitansu Noguchi Hideyo, wanda hotonsa ya daɗe a kan takardar yen 1,000, kuma shawara ce ta kashe shi a Ankara, wato Accra, a 1928 yana binciken maganinta. Da irin wannan labari suke fara jin sunanmu.

Duk da haka wasu sun zo, sai dai ba 'yan kallo ba ne. Masaƙar Arewa Textiles ta Kaduna da jarin kamfanonin Japan aka kafa ta bayan samun mulkin kai. Shehin malami Matsushita Shuji na Tokyo ya yi shekaru yana nazarin Hausa da Gwandaranci, har ya yi aikin shigar da ƙamusun Bargery cikin kwamfuta. Oyama Shuichi na Jami'ar Kyoto ya daɗe yana zama da manoman Hausa a wajejen Dogon Dutsi a Nijar, yana gwada yadda sharar birni ke rayar da ƙasar da ta zama fako. Kowane ɗayansu da za a bincika, za a tarar akwai wani gida da ya karɓe shi, da wani maigida da ya tsaya masa. Misalin da ya fi burge ni kuwa daga maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka ya fito. Zomahoun Rufin, mutumin Dasa a Jamhuriyar Benin, ya je Japan karatu a 1994, ya yi suna a wani shirin talabijin na shahararren ɗan wasan nan Kitano Takeshi, ya rubuta littattafai da harshensu suka karɓu, ya kwashi kuɗin ya gina makarantun firamare a ƙauyukan ƙasarsu, ya buɗe makarantar koyon Japananci a Kwatano, daga baya aka naɗa shi jakadan Benin a Tokyo. Mutanen Japan da yawa ta bakinsa suka fara jin akwai wata ƙasa wai ita Benin, wasu kuma saboda shi suka taka ta. Mutum guda ya yi aikin oshi, ya je har gida ya gai da mutane, sa'an nan ya ce su zo ga masauki.

Mu kuwa ba abin nunawa muka rasa ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, kuma duk wanda ya taɓa ganin dubban masunta sun ruga cikin Matan Fada da homa da gora a lokaci guda ya san ba a mance shi. Ga gidan tarihin Kanta, ga kufan Surame, ga gandun dajin W a ƙetaren iyaka, wanda aka sa wa sunan saboda yadda Kwara ta yi lanƙwasa a wurin, da giwayensa da ɓaunayensa. Amma bikin Argungu ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a farfaɗo da shi a 2020. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019. A watan Mayu na wannan shekarar aka sace Faransawa biyu a gandun Panjari na Benin aka kashe ɗan ƙasar da ke yi musu jagora. A Fabrairun 2022 kuma aka dasa nakiyoyi a gandun W ɓangaren Benin suka kashe ma'aikata. Hanyar da manomin Kaoje yake fargabar bi da shanunsa, ba za a yaudari mutumin Osaka ya biyo ta da hoton talla ba, kuma bai ma kamata a gwada ba, domin kiran baƙo zuwa inda ba za ka iya tsare shi ba cin amana ne.

A ganina, duk kuɗin da hukuma za ta kashe wajen buga takardu masu sheƙi da tura wakilai bajekolin ƙasashen waje, gara ta fara kashe shi a kan abin da ɗan ƙasa zai fara amfana da shi: amincin hanya daga Birnin Kabi zuwa gadar Tuga har Tsamiya da Lolo, jiragen fito masu rigunan ruwa, masauki mai tsabta ko da na ɗaki huɗu ne, da samari 'yan ƙasa waɗanda suka san tarihin garinsu kuma ba su ƙara wa baƙo kuɗi don ganin fatarsa. Baƙin farko da za su zo ma ba daga Tokyo za su taso ba. 'Yan makarantar Sakkwato ne da Zariya, da jikokin fataken da suka zauna a zangunan Kumasi da Jugu, waɗanda har yanzu suke jin Hausa suna kuma son ganin mashigin da kakanninsu suka ƙetare. In waɗannan suka zo suka koma da labari mai daɗi, na nesa zai ji.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran gwamnati, ba ya kuma jiran zaman lafiya ya gama dawowa. Dattijon nan mai fito, kafin mu kai gaɓa, ya nuna mini wani wuri da bakin sandarsa ya ce a nan kakansa ya ce jakunan Gwanja ke hawa, amma da na tambaye shi sunan maigidan da suke sauka wurinsa sai ya ce ya shige masa. Ina roƙon hakimai da dagatai da limamai da malaman makaranta na Illo da Kaoje da Zagga da Lolo da Geza, kowa ya sami tsofaffin garinsa tun suna da rai, ya rubuta inda zango yake, da inda ake fito, da gidajen da suka riƙe sarautar zango, da sunayen madugan da ake tunawa, da boko ko da ajami, a ajiye kwafi a fada a kai wani makaranta.